Ƙwayar Da Ba Ta Funfuna Ba

"Ba tata ba ce," in ji Dogo, ya ajiye takardar sakamako a kan teburin ɗakin gwaje-gwaje.

Auta ba ta ɗago ba. Shekara biyu ke nan tana kiwon funfuna a 'yan faranta, tana farautar ƙwayar halitta guda ɗaya, wadda ke sa funfunar fitar da sinadarin narkar da maiƙo, irin wanda masana'antun sabulu ke nema ido rufe. Makon jiya ta ce ta samu. Babanta kuwa tun farko ya kafa sharaɗi: sai ta kammala binciken za a sa ranar aurenta da Dogo, abokin aikinta.

"Mece ce ba tata ba?"

"Ƙwayar da kika ciro. Ba ta funfunar ba ce, ta bakteriya ce, ita ta gurɓata farantin. Sau uku na duba."

"Dubawa na ce ka yi, ban ce ka yi tone-tone ba! Jibi fa kawunnanka za su zo gidanmu. Wa zai sani? Bayan biki sai in gyara..."

"Ni zan sani, masoyiya. Ke ma haka."

"Wata shida zai ƙara mana!"

"Ko takwas," ya ce. Shi dai Allah bai hore masa iya rarrashi ba.

Ta tuɓe safar hannu, ta kama hanyar gida.

Ta tarar da Baba a falo yana goge takalmin da zai tarbi baƙi da shi. Ta durƙusa.

"Baba, aikin bai yi ba. A ce wa baƙi su dakata."

"Wa ya gano?"

"Shi," ta ce, tana nufin Dogo.

"Shi da kansa? Ya san sharaɗina?"

"Ya sani."

Baba ya ci gaba da gugarsa har takalmin ya ɗau ƙyalli.

"Yaron da sintirinsa ya kusa cinye mini dakalin ƙofa? To, su zo jibin."

"Sharaɗin fa, Baba?"

"Ni na kafa, ni na cire. Da ma mutum nake son in gani, Auta. Funfunarku ni me na sani a kanta?"

Sai da ta wanke fuska sannan ta kira Dogo a waya.

"Baba ya ce su zo. Amma ni ban huce ba."

Ta ji ya sauke ajiyar zuciya.

"Ba komai," ya ce. "Ki huce a gidana."