Babin da Zayyanu Ya Tsallake

Ranar da Nazifa ta fara shiga shagon Zayyanu, bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, faɗa ta je yi. Ɗalibar poli ce 'yar Dauran, tana rubuta littattafai a waya da sunan aro, tana sakin su babi-babi a zaurukan WhatsApp. Shi kuwa sana'arsa karanta littattafai da murya, ya ɗura wa mutane a katin waya. Ya ɗauki nata ko izini bai nema ba.

Sai ta tarar da shi yana karanta shafinta na ƙarshe, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ta tsaya bakin ƙofa har ya kai aya. Faɗan da ba a yi ba ke nan.

Daga nan saƙonni suka kankama.

"Alƙalamina, yau mata uku sun zo tambayar ci gaba. Ni ne na huɗu."

"Muryata, jarabawa ta riƙe ni. Ka lallashe su, kai ma ka lallashi kanka."

Kafin damina ta tsaya, magabatansa sun je Dauran wurin mahaifinta Malam Atiku, ya ce a ba shi lokaci.

A wannan zamanin labarin attajirai ke ci a kasuwar littafi: saurayi mai jirgin sama, amarya mai lefen Dubai. Nazifa ta ce ta gaji da wannan ƙaryar, alhali mutanenta sai da izinin 'yan bindiga suke shiga gonakinsu. Ta zauna ta rubuta ƙauyensu, ta canza sunan kowa. A babi na tara ta faɗi yadda ake ɓoye gero a tsofaffin ramukan marina, a rufe bakinsu da takin awaki. Ba ƙirƙira ba ce. Dabarar mahaifinta ce, kuma da ita unguwarsu ta ci tuwo shekara biyu.

Zayyanu ya karanta babi na takwas, ya tsallaka na goma.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Babin da ta fi so ke nan, wanda ta rubuta tana hawaye. Ta ɗauka shi ma tsoron kasuwa yake, kada masu sauraro su guje shi. Ya rubuto mata: "Wannan babin ba na kunnen kowa ba ne. Bari in zo mu yi magana." Ba ta jira ba, ta toshe lambarsa. Ya zo makaranta sau biyu, ta ƙi fitowa.

Dama akwai Murtala, wani mai karatun da ya fi shi mabiya, wanda ya daɗe yana zawarcin littafinta, da ita kanta. Ta tura masa. Ya karanta tsaf, bai bar ko wasali ba.

Abin da ba ta sani ba, katin waya ba a gari kaɗai yake tsayawa ba. Daga Kaura yake bin 'yan kasuwa zuwa Shinkafi da Zurmi, daga can ya shiga daji. Mutanen daji ma suna sauraron labari.

Mako uku bayan haka 'yan bindiga suka shigo unguwar su Nazifa da rana tsaka. Ba su tambayi kowa ba. Kai tsaye suka nufi marina, suka kwashe geron gida goma sha ɗaya.

Gari ya ɗauka cewa wani mai karatun Kaura ne ya tona. Malam Atiku bai san wani mai karatu ba sai wanda ke neman 'yarsa. Ya ce lallai a wurin zance ya tatsi yarinyar, ya mai da asirinsu abin sayarwa. Ya aika aka kira shi, ya wanke shi tas a zaure gaban dattawa. Zayyanu ya sunkuyar da kai, bai musa ba. Ya san in ya ce ba muryarsa ba ce, tambaya ta gaba ita ce wa ya rubuta.

Nazifa na bayan ƙofa tana ji. Tsoro ya kama ta. In ta yi shiru, ta tsira da mutuncinta a garin, ta rasa shi. Ta yaye labule ta durƙusa.

"Baba, ni na rubuta. Shi ya ƙi karantawa, na yi fushi na kai wa wani."

Malam Atiku ya juya ya dubi Zayyanu.

"Kai kuma mi ya hana ka faɗi?"

"Baba, ni in an zage ni Kaura zan koma. Ita nan ne gidansu."

Tsohon ya tashi ya shige gida. Wata biyu Nazifa ba ta iya ratsa unguwa, maƙwabta ba sa amsa gaisuwarta, kuma ba ta ga laifinsu ba, don ta ga yaransu sun rame. Ta buɗe lambarsa ta rubuta: "Muryata, na kasa riƙe alƙalami." Ya amsa: "Ajiye shi ya huta. Ni ina nan."

Da Malam Atiku ya tashi ba da ita, sharaɗi ɗaya ya kafa: ba ya son akwatin lefe ko ɗaya, gero za a kawo. Dangin Zayyanu suka haɗa hannu, buhuna suka iso a bayan mota, aka bi gidajen nan goma sha ɗaya aka sauke. Bai kai rabin abin da aka rasa ba, amma matan da suka daina amsa gaisuwa su suka daka furar biki.

Aka ɗaura aure da hantsi, ba kiɗa, don baƙi su koma kafin hanya ta yi haɗari. Da za a tafi da amarya, mahaifinta ya dafa kanta.

"Allah shi yi muku albarka, shi tsare hanyarku. Ki ci gaba da rubutunki, ɗiyata. Amma duk babin da mijinki ya tsallake, ki tambaye shi dalili kafin ki yi fushi."