Harsashi a Gidan Makokin Kinnear

"Malachy Toner ne ya harbe ta. Ku je ku kamo shi, ku daina tattake mini gida da takalma."

Da wannan uwar gidan, Ina Kinnear, ta tari Sufeto Fearon, tun bai gama goge ƙafa a bakin ƙofa ba. Tsohuwa ce gajera, ta haura tamanin, tana zaune a kicin cikin baƙar riga. A falo mijinta Wesley ne kwance a akwati, washegari za a binne shi. A saman bene kuma 'yarta Lorna ce a ƙasa, an rufe ta da zanen gado. Gawa biyu a gida ɗaya, kuma shayin da aka zuba wa masu ta'aziyya bai ma huce ba.

Sufeto ya ja kujera ya zauna. Ya kusa ritaya, gwiwa na damunsa. A ƙarshen zamanin rikicin Katolika da Furotesta ya shiga aikin ɗan sanda, ya daɗe yana zaton ya gama da irin wannan kiran.

Tsohuwa ta ba shi labari ba kuka ba kwana-kwana. Da rana gida ya cika, maza a falo, mata a kicin suna yanka burodi. Lorna ce a ƙofa tana karɓar kwat ɗin mutane tana kaiwa ɗakin baya na sama ta zube a gado, yadda ake yi a kowane gidan makoki. Sai aka ji ƙara. Cecil Orr, dattijon coci kuma aminin marigayi, shi ya fara hawa. Ya sauko yana cewa daga waje aka yi harbin, ta taga. To wa ke tsaye a tsakar gida a ƙarƙashin tagar? Malachy, maƙwabcinsu ɗan Katolika, wanda ya yi shekaru a gidan yari a kan bindiga a wancan zamani.

Sufeto ya tambaye ta abin da ya kawo Malachy gidan. Ta ce ta'aziyya, wai shi da Wesley sun daɗe suna aron tarakta da taya juna karɓar haihuwar shanu.

"Wesley ne mai yafiya," in ji ta. "Ni ban taɓa cewa na yafe ba."

A waje samarin gari sun taru jikin motoci, hannu a aljihu, suna kallon rumbun ciyawar Malachy da ke can ƙetaren fili. Sufeto ya san irin wannan kallon, da gobara yake ƙarewa. Ya ce wa Saje Boyd ta je ta ɗauko mutumin ta kai shi caji ofis, ko ba don komai ba don ya kwana da rai.

Ɗakin baya ƙarami ne. Kwat tuli a gado, wasu a ƙasa. Lorna ta faɗi kusa da ƙofa, nesa da taga. Tagar a ɗage take, gilashinta lafiya lau. Sufeto ya shafa gefenta, ɓawon farin fenti ya biyo yatsansa, ga wani birjik a dakalin tagar, sabon karyewa.

Ya sauko kicin ya tambayi tsohuwa ko ana buɗe tagar nan. Ta ce tun da Wesley ya yi mata fenti ta liƙe, ta yi masa mita har ta gaji, kamar yadda ta gaji da mitar komai. Ta kalle shi. Ya koma sama.

A caji ofis Malachy Toner ya zauna ya harɗe hannu, sanƙo na ƙyalli. Ya ce shi bai fita tsakar gida ba sam, yana falo yana sauraron addu'ar da ba tasa ba.

"Mata uku sun gan ka," in ji Sufeto.

"Matan Furotesta sun fi kyamara gani, Yallaɓai."

"Me ka fita yi?"

Sai ya ce taba ya fita sha. Likita ya hana, matarsa ta rantse in ta sake jin warin za ta koma gidan ƙanwarta. Ya ce a rubuta kisan kai in ana so, amma kada a rubuta taba.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya tambaye shi abin da ya ji.

Malachy ya ce ya ji ƙara daga cikin gida, a toshe, kamar an buga ƙofar firiji. Shi ya san ƙarar, bai buƙaci a faɗa masa ba. Can sai ya ji ana kokawa da taga a samansa, ana dukanta da tafin hannu har ta ɗaga. Bai ga fuska ba, hannun farar riga kawai ya gani.

"Bayan ƙarar aka buɗe?"

"Bayan ƙarar."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"A gidan Kinnear? Ni?" Ya shafa kai. "Yallaɓai, kai ma da ka shigo ai ka riga ka gama yanke mini hukunci, gajiya ce ta hana ka faɗa."

Da safe likitan gawa ya bugo waya. Harsashin ƙarami ne, ya shiga ta ƙasan ciki ya yi sama, daga kusa ƙwarai. A cikin raunin akwai zaren ulu mai kauri, ruwan toka, a ƙone. Lorna kuwa rigar auduga ce a jikinta. Saje Boyd ta bi kwat ɗin da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya kafin a mayar wa masu su, babu mai huda ko ɗaya.

Aka binne Wesley cikin ruwan sama. Sufeto ya tsaya a bayan mutane da lema. Maza suna karɓar akwati bi da bi a kan hanyar coci, kowa ya duƙunƙune cikin abin sanyi. Mutum ɗaya ne kawai cikin 'yar shigar coci, ruwa ya jiƙa shi sharkaf, dogon tsoho mai furfura, haɓarsa na rawa. Saje ta ce Cecil Orr kenan.

Bayan an watse Sufeto ya raka tsohuwa mota, ya tambaye ta ko Cecil ba shi da kwat ne. Ta ce kada ya raina mata hankali. Cecil da kwat ai kowa ya sani, ƙaton abu ruwan toka, ko rani ba ya cirewa, ko a bikin Lorna da shi ya ci abinci. Jiya ne kawai, yana zaune kusa da murhu jiri ya ɗebe shi, Lorna ta ce Baffa Cecil za ka faɗi mana a nan, ta zare masa shi da ƙarfi ta haɗa da sauran.

Tana kaiwa nan ta tsaya. Ta riƙe ƙofar mota. Sannan ta shiga ta ja ƙofar.

Saje ta bincika a ofis. Cecil Orr tsohon gandiroba ne, kuma kamar da yawa irinsa yana da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye don kare kai, tun lokacin da ake bin gandirobobi gida ana harbewa. Ba a taɓa karɓe masa ba.

Gidansa tsaf, shi kaɗai. Ya zaunar da su, ya ce zai ɗora shayi, Sufeto ya ce a bar shi. Da aka tambaye shi bindiga bai yi musu ba, ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko. 'Yar siririya ce, baƙinta ya koɗe, tana ƙamshin sabon mai. Ya ce ranar makoki a gida ya bar ta, wa zai kai makami wurin gawar amininsa?

Sufeto ya juya ta a hannu. Ya ce ya san irinta, irinsu aka ba 'yan sanda lokacin da ya fara aiki, kuma an daɗe da karɓe su. Ya tambayi dalilin da bai canza ba.

Nan tsohon ya sami bakin magana. Ya ce an yi masa tayin sabuwa ba sau ɗaya ba, ya ƙi. Sababbin nan masu kauri ne, roba ce, suna turo riga, kowa a coci zai gane. Wannan kuwa tana kwanciya a aljihu kamar akwatin tabarau. Ya ce ƙarfen da ne, ba a ƙera irinsa yanzu, shekara arba'in bai taɓa ba shi kunya ba.

"Ka taɓa harba ta?"

"Ban taɓa buƙata ba."

"Da harsashi a bakinta kake yawo?"

"In aka tare ka a ƙofar gida, ɗana, ba a ba ka lokacin ɗanawa."

Sufeto ya ce abin da ya sa aka karɓe nasu kenan. In ta tsufa, makullin da ke riƙe ta ya cinye, ta faɗi a kan ƙeyarta da harsashi a baki, tashi take yi ba wanda ya taɓa kunamar harbi. Ya nuna masa wata 'yar lotsawa a bayanta, fara fat, ƙarfen bai ma dushe ba. Cecil ya ce tsohuwar alama ce.

"Ina kwat ɗinka?"

Ya ce ya bayar sadaka, ya tsufa.

Saje Boyd, wadda ta zame ta fita tun ɗazu, ta shigo ta ƙofar baya, riƙe da wani abu a kan cebur. A cikin durom ɗin ƙona shara da ke waje ta samo shi. Ulu mai kauri ba ya cin wuta yadda mutum ke so, balle cikin ruwan sama. Rabin kwat ɗin na nan, da aljihun ciki, da huda a gindin aljihun, bakinta a ƙone.

Cecil ya zauna. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, suna karkarwa, ba kuma yau suka fara ba.

Ya ce da Lorna ta zare masa kwat ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga mata a tsaye, ya ji kunya a san abin da yake shiga coci da shi. Ya ce a ransa bari ta sauko ya hau ya ɗauka. Da ya ji ƙarar ya san ko mene ne. Ya tarar kwat ɗin ya zame mata daga hannu ya daki katako. Tana numfashi tukuna.

"Ka kira taimako?"

"Na buɗe taga."

Ya ce ya leƙa ya ga sanƙon Malachy a ƙasa, mutumin da ya taɓa kulle wa ƙofa a gidan yari, irin mutanen da saboda su ya ɗauki bindigar tun farko. Sai maganar harbi daga waje ta zo masa da kanta. Ya naɗe kwat ya sauka da shi a hammata, cikin ruɗani ba wanda ya lura.

Saje ta fito da ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya kama Cecil a hannu ya kai mota. Ruwa na dukan tsohon, ba abin da zai yafa.

Ina Kinnear ta saurari komai a kujerarta ta kicin. Da ya gama ta ce a saki Malachy yanzu, kuma ita da ƙafarta za ta tsallaka filin nan ta tsaya a ƙofarsa, ba ta neman ɗan aike. Ta ce Cecil kuwa kada a kawo mata sunansa.

Sufeto ya miƙe, yana zaton an gama. Ta ce ya zauna.

Ta tambaye shi wa ke sabunta wa Cecil lasisin. Ya ce akwai jami'in da ke zagayawa gidajensu lokaci-lokaci. Ta ce wato wani ya shiga gidan, ya sha shayi, ya ga hannun da ba ya iya riƙe kofi, ya ga bindigar da 'yan sanda da kansu suka yar, ya ce a ci gaba. Sufeto ya ce doka ba ta tilasta canzawa ba, kuma wannan ba sashensa ba ne.

"Ni ban yi makaranta ba, ban san sashe ba," in ji ta. "Na san ranar Lahadi akwai irin su Cecil a bencin coci, jikokin mutane na wasa a gindinsu. Ka kama tsoho matsoraci, sannu da aiki. Wanda ya duba abin nan ya mayar masa a aljihu, shi nake so. Jibi zan binne Lorna. Ka kawo mini shi kicin ɗin nan kafin a ɗaga akwatinta, ya zauna inda ka zauna, ya kalli idona ya gaya mini dalili."