Ranar da Aradu Ya Cire Takalmi

"A cire kafet ɗin nan."

Darakta ya ɗago daga takardun hannunsa ya kalli Auta ta saman gilashi, har da ɗan murmushi, don ya ɗauka wasa take yi.

"Wane kafet? Jan nan da na yi sati uku ina roƙo kafin a shimfiɗa min?"

"Shi fa."

"Saboda me?"

Auta ta kalli dandamalin da aka lulluɓe tun daga gaba har ƙarƙashin ganguna, an bi shi da gam an manne.

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya faɗa ba, ko ni ne ba za ki faɗa wa ba?"

"Dogo, don Allah..." ta ce, da sunan da ta saba kiransa.

"Auta, kin fi kowa sanin katakon nan! Kuka yake kamar tsohuwar ƙofa, ana takawa makirufo zai kwashe. Kai tsaye fa za mu watsa, babu gyara. Babanki nake son in fitar kunya!"

"To ka yarda da ni kawai."

"Shekara biyu muna tare, me na taɓa ɓoye miki? Har tsoron kyankyason da nake yi kin sani!"

Da wata rana ce da ta yi dariya. Yau hawaye ne suka cika mata ido. Ta kawar da kai. Sai fuskarsa ta canza.

"Kafet yana nan," ya ce a hankali.

"Shi ke nan, Yallaɓai."

Ba ta taɓa kiransa haka ba. Ta ga yadda kalmar ta soke shi, ta juya da sauri kafin ta janye ta.

A gidan talabijin ɗin, aikin Auta shi ne tsayawa a filin ɗaukar shiri kusa da kyamarori, da na'ura a kunne, tana ƙirga wa baƙi lokaci da yatsu. Darakta kuwa yana can sama a ɗakin gilashi, yana ba da umarni ta cikin na'urar. A nan soyayyarsu ta fara, tun ba ta san fuskarsa sosai ba ta san muryarsa.

Mahaifinta shi ne Aradu, mawaƙin rok an rol da a zamaninsa in ya daki jita sai matasa su hau kan kujeru. Tun ranar da Mama ta rasu ya rataye jitar, shekara goma sha ɗaya ke nan. Darakta ne ya yi ta zarya gidansu har Baba ya amince zai dawo, sau ɗaya tak, ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma, a gaban ƙasa duka.

Abin da Darakta bai sani ba, Baba ya kusa daina ji.

Shekarun da ya yi tsaye a bakin lasifika sun cinye masa kunne. Na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Bakin mutane yake karantawa, ya kuma ƙware har ba mai ganewa. In suna gwaji a gida da Kawu Mai Ganga, tsohon abokinsa, ɗakin daɓen katako suke shiga, Baba ya zare takalmi. Ta tafin ƙafarsa yake jin bugun ganga yana tahowa ta cikin katako. Ko Kawu bai sani ba, ya ɗauka zafi ke damun tsohon.

Auta kaɗai ta sani, ta kuma yi masa alkawari.

Kwana tara suka yi ba sa magana, ita da Darakta. Wato suna magana, amma ta aiki.

"Fili, saura minti biyu."

"Fili, matsar da baƙon nan hagu."

Fili! Ita ce yau Fili. Muryar tana nan cikin kunnenta, kusa har tana jin numfashinsa, amma ya yi mata nisa fiye da wanda ya bar gari. Ta san lokacin da ya gaji, ta san lokacin da bai ci abinci ba, duk daga yadda yake jan ƙarshen kalma. Wani lokacin sai ya yi shiru bayan umarni, kamar akwai sauran magana, ta riƙe numfashi tana jira... sai ta ji ya kashe.

A motar haya in za ta koma gida, ta rubuta masa saƙo ta goge ya fi a ƙirga. Littafin da take karantawa ma ya tsaya a shafi ɗaya, ta karanta layin farko ya kai sau ashirin.

Ranar Alhamis ta tarar da Baba a baranda yana sauya wa jita tsirkiya. Ta zagayo gabansa ta durƙusa, yadda zai ga bakinta.

"Uwata, ina dogon yaron nan? Kwana biyu bai zo ya cinye mana abinci ba."

"Aiki ne ya yi masa yawa." Ta ƙara matsowa. "Baba... in faɗa masa? Shi kaɗai, wallahi ba zai gaya wa kowa ba."

Baba ya ajiye jitar a cinya.

"Yaron kirki ne, shi ya sa na hana. Tausayina zai ji. Zai ce a kunna tsohon faifai ni kuma in riƙa motsa baki kamar kifi a ruwa." Ya girgiza kai. "Akwai waƙar da na rubuta wa Mamanki tana asibiti, ban samu na rera mata ba. Ita nake son in yi, da muryata, ko da ta tsufa. Ba na son a tafa min don tausayi, Uwata."

Ta yi niyyar ta gaya masa zancen kafet. Ta kalli yadda idonsa ke haske, hasken da rabonta da shi tun tana 'yar shekara goma sha uku, sai ta kasa. Ta ce wa kanta Darakta zai sauko kafin Asabar.

Bai sauko ba.

Ƙarfe biyu na ranar Asabar aka yi gwajin ƙarshe. Baba ya hau dandamali, ƙafarsa ta nutse cikin laushin kafet, ya tsaya cak. Ya waiwayo ya kalli Auta, kallo ɗaya. Ta sunkuyar da kai.

Kawu ya buga sanda sau huɗu, kiɗa ya tashi. Baba ya shigo a makare. Aka sake, ya riga su. A karo na uku yana tsakiyar baiti makaɗa sun gama, muryarsa ta rage ita kaɗai a fili tana yawo. Wani mai kyamara ya kawar da kai.

"Kai Aradu, ni kake bi ko ni zan bi ka?" Kawu ya faɗa da dariya, don ya rage nauyin wurin. Baba bai juyo ba, bai ma san an yi magana ba.

Ta same shi a ɗakin sauya kaya yana saka jita a akwatinta.

"Baba, ka ce musu a cire shi mana! Kai za su ji maganarka!"

"In ce a ɗaga kafet don in ji kiɗa da ƙafa? Ai na gama shela ke nan." Ya rufe akwatin. "Kai ni gida, Uwata. Mamanki ta saba haƙuri da ni."

"Rabin awa! Ka ba ni rabin awa kawai, Baba!"

Ma'aikata duk sun fita cin abinci. Ta buɗe akwatin kafintoci ta ɗauko wuƙar yankan kafet, ta durƙusa a gindin babbar ganga ta fara ja. Gam ɗin ya kama sosai. Ta yanka, ta finciko, farcenta ya karye, yatsanta ya fara jini, ba ta tsaya ba.

"Auta! Kin haukace ne?!"

Yana tsaye a kanta, dogo kamar kullum, da ledar abinci a hannu. Kwana tara ke nan bai kira sunanta ba, sai ga shi cikin tsawa, amma duk da haka sai da ta ji daɗinsa.

"Ka kore ni bayan ƙarfe shida," ta ce cikin kuka. "Ka kai ni ƙara, ka daina kula ni har abada in ka ga dama. Amma yanzu ka bar ni in gama!"

Ya bi yankan da ido. Ba hauka ba ne, hanya ce miƙaƙƙiya, daga ƙarƙashin ganga zuwa inda makirufon mawaƙi yake tsaye. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kalli yatsanta.

"Abin nan da kika ƙi faɗa min... naki ne, ko amana aka ba ki?"

"Amana ce."

Ya ajiye ledar. Ya cire kwat ya jefa kan lasifika, ya durƙusa kusa da ita har kafaɗarsu ta haɗu.

"Kawo wuƙar. Ko yankan ma ba ki iya ba, kalli yadda ya karkace."

"Dogo..."

"Je ki wanke hannun nan kafin ki ɓata min kafet da jini." Ya ɗaga murya. "Kafintoci! A bar abincin nan, a zo a ɗage shi duka!"

Mai haɗa sauti ya fito da gudu yana riƙe da kai. "Oga, katakon zai yi mana kuka a iska!"

"Ya yi ta yi. In an tambaya ka ce sabon salo ne."

Biyar saura daƙiƙa goma, kujeru sun cika, fitilu sun kunnu. Auta ta ɗaga hannunta mai filasta ta fara ƙirga. Biyar... huɗu... uku...

Baba ya fito cikin baƙar jaket ɗinsa ta fata, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya tsaya gaban makirufo, ya sa ƙafa ɗaya ya zare takalmin ɗaya, sannan ɗayan, ya ture su gefe.

"Oga, tsohon ya cire takalmi!" muryar mai kyamara ta uku ta shigo kunnenta. "In ɗauko ƙafar? Za ta yi kyau wallahi!"

Ta ji numfashin Darakta ya tsaya, ta ji ya sake shi a hankali.

"A'a," ya ce, muryarsa ta sauya. "Ku tsaya a fuskarsa. Duk wanda ya nuna min ƙafar nan, ni da shi ne."

Ya gane. Ta dafe ƙirji, ba ta san ko tsoro take ji ko sauƙi ba.

Kawu ya buga sanda sau huɗu, ya sauke ƙafa kan babbar ganga. Ta ga yatsun ƙafar Baba sun kama katako. Ya daki jita, ya shigo daidai, daidai kan bugu!

Wurin ya kama da ihu. Muryar ta dushe, ta yi kauri, amma Aradu ne. Tsofaffi masu furfura suka miƙe suna girgiza kafaɗa, 'ya'yansu na kallonsu baki buɗe. Katako yana ta kukansa, ba wanda ya kula.

A ƙarshe ya rage sauri. Ya rufe ido ya yi waƙar Mama, yana ce mata har yanzu kofi biyu yake ɗaukowa da safe kafin ya tuna. Auta ta manta da aikinta gaba ɗaya. Lokaci ya cika bai gama ba, ita ce ya kamata ta ɗaga masa hannu, hannun ya ƙi ɗaguwa.

"Bar shi ya ƙarasa," Darakta ya raɗa mata a kunne. "Labarai su jira... Auta, na yi kewarki kamar in mutu."

"Oga, duk muna ji fa!" in ji mai kyamara ta uku.

"To ku toshe kunne!"

Bayan an sauka daga iska, suka shiga ɗakin sauya kaya tare. Baba yana zaune ya ba ƙofa baya, yana goge gumi. Darakta ya buɗe baki zai gaishe shi daga nan, sai ya fasa. Ya zagaya gabansa, ya durƙusa inda haske ke dukan fuskarsa, ya yi magana a hankali.

"Sannu da aiki, Baba."

Baba ya kalle shi, ya kalli yadda ya durƙusa, ya juyo kan Auta.

"Wallahi ban faɗa ba, Baba!"

"Ba ta faɗa ba," Darakta ya ce, bai kawar da fuska ba. "Kwana tara ta zaɓi fushina a kan ta faɗa. Ni ma ba wanda zai ji a bakina."

Baba ya ajiye tawul ɗin da ke hannunsa.

"To tunda ka sani, kai zan tambaya. Wannan in na tambaye ta ƙarya za ta yi min don so." Ya matso, muryarsa ta yi ƙasa kamar ta yaro. "Waƙar Mamanta... ta fita? Ni ban ji ta ba."

Darakta ya cire gilashinsa, idonsa ya yi ja.

"A baiti na biyu muryarka ta karye, Baba. Ka kuma tsallake layi ɗaya. Sauran kuwa, ɗakin gilashi mu bakwai ne, ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, hawaye na bin gemunsa.

"Layin nan da gangan na bar shi. Nata ne ita kaɗai." Ya kamo hannun Auta mai filasta, ya kamo na Darakta, ya haɗa su a kan gwiwarsa. "Yaron da ya iya gaya wa Aradu muryarsa ta karye, zan iya ba shi uwata. Gobe ka zo gida."

"Da wane lokaci, Baba?"

"Ji shi! Da can lokaci kake tambaya in za ka zo cin abincinmu?"

Auta ta kifa kai a cinyar mahaifinta, tana dariya tana kuka, hannunta cikin hannun Dogo, ta ƙi saki.