Goyon da Inna Ta Kwance

Amarya na tsaye a falo da goyo tana ninke wanki, bakinta na ta motsi kamar mai taunar cingam. Shekararta uku a gidan mijinta Bakanike, amma sunan ya ƙi sakinta. Bayan haihuwa ne kanta ya ɗan taɓu, aka ɗora ta kan magani. Hankali ya dawo, sai dai maganin ya bar mata motsin baki da fizgar wuya. Likita ya ƙara mata wani, ya ce a gwada ko abin zai lafa.

Kwalin wannan na biyun surukarta, Inna, ta faki ido ta kai wa mai kemis ya karanta mata.

"Farfaɗiya!" Inna ta faɗo ko sallama babu. "Maganin farfaɗiya kike sha kuka ɓoye mini! Kwanto mini jikana kafin yawunki ya taɓa shi!"

Amarya ta kwance ta miƙa. Ta lalubi kuka a ranta, ba ta samu ba. Tun da ta fara sabon maganin komai nesa-nesa take jinsa.

Bakanike ya shigo hannu duk baƙin mai. "Inna, ba ta da farfaɗiya fa — illar maganin farko ake kwantarwa. Ko da ita ce ma, ba a ɗauka a yawu."

"Oho, daga gareji ka zama likita? Ko ka sake ta, ko ka nemi wata uwar!"

Bai ɗaga murya ba, bai kuma rubuta takarda ba. Yaro ya koma ɗakin Inna, madara a kwalba. Amarya ta ce za ta daina shan maganin a huta.

"Sha abinki," in ji shi, yana miƙa mata ruwa. "Inna tawa ce, ni zan ji da ita."

Sati shida suna haka, Amarya na zaune tana kallon bango. Ranar komawa asibiti ya lallaɓa Inna ta raka su, wai don ta riƙe yaro.

"Mama," likita ya ce, "wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka albasa. Surukarki ba ta da farfaɗiya. Maganin dai na farfaɗiya ne, amma mukan gwada shi a irin wannan motsin. Ga shi ya ragu, ko da bai tafi duka ba."

A bakin ƙofa Inna ta tsaya. "Ke, juyo."

Ta ɗora mata yaron a baya, ta ɗaure zanin da kanta. Wuyan Amarya ya fizga. Inna ta gani, ba ta janye hannu ba. Sai a lokacin hawayen Amarya suka zo.

Kwalin magani ba ya faɗin ciwon mutum. Da Inna ta tambayi likita tun farko, da jikanta bai yi sati shida babu bayan uwa ba, da kuma Bakanike ya yi gaggawa, da auren ya mutu a banza.