Fararen Duwatsun Mararraba

"Ajiye dutsen nan, na ce!"

"Haba Yaya, dubi kyansa! Kamar ƙwai fa."

"To, in ƙishi ya zo sai ka fasa ka sha."

Wa da ƙane ne, a can wani zamani, suka ɗauki tafiyar kwana arba'in a ƙasa. A kowace mararraba sukan tarar da farin dutse a bakin hanya ɗaya. Wan ya bi ta nan ya wuce. Ƙanen kuwa ya tsaya, ya juya dutsen, ya shinshina, ya ce, "Oho, ko wa ya yar?" Sai ya faki idon wan ya jefa a jaka.

Kullum haka: ya juya, ya shinshina, ya jefa a jaka.

Ran nan suka iske rijiyar gaba ta ƙafe, gora kuma ba ko ɗigo. Wan ya ce, "Mu koma rijiyar jiya. Duwatsun da matafiya suka ajiye za su nuna mana hanya."

Suka juya. Ga mararraba, hanya uku, babu dutse.

Wan ya dafe kai. "Mun ɓata!"

Ƙanen ya zazzage jakarsa. "Kwantar da hankalinka, Yaya. Ga hanyar nan duk na adana, zaɓi wadda kake so."