Motar da Ba Ta Sallama

Wa ya aike ku ku tambaye ni? Ke mai bakin nan, ke kika kitsa, na gan ki kina zungurin ƙaninki. Tunda kun ga ubanku yana ɗaura wa motocin mutane ƙararrawa kun hana ni sakat, to ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya jiƙa katifa shi zai shanya abarsa.

Shekara uku ke nan. Ubanku ya manta maganinsa na hawan jini, uwarku tana fama da goyo, na ce ba ni nan in kai masa. Na isa garejinsa rana ta yi ja. Kowa ya watse, har abokin aikinsa, wai matarsa na naƙuda. Saura shi kaɗai da wata farar mota, irin masu cajin nan da ake jona wa waya kamar dutsen guga. Ba hayaƙi, ba ƙara.

Ya ce, "Inna, Allah ne ya kawo ki. Ara mini ƙafarki."

Na ce, "Wacce? Duka biyun ba lafiya gare su ba."

Motar wata malamar asibiti ce. Birkinta ya yi laushi, in ka taka sai ya nutse kamar soso. Ya ce iska ce ta shiga man birki, kuma ba ta fita sai da mutum biyu: ɗaya a ciki yana takawa, ɗaya a ƙasa yana sassauta ɗan noti a bayan taya, man ya tsarto ta tiyo cikin kwalba har kumfa ta ƙare.

Na ce me ya same ta? Ya yi dariya. Wai matar ta ce jiya da magariba, a hanyar kangon masaƙa, ta ji ta taka wani abu mai taushi. Ta sauka, ta haska, ba komai. Tun daga nan birki ya ƙi.

Ni ban yi dariya ba. Ban yi boko ba, amma wannan na san shi. Motocin da, tun daga nesa suke ruri, waɗanda ba a gani su kwashe 'ya'yansu daga hanya. Wannan kuwa sai dai ka gan ta a kanka.

Na shiga na zauna. Kun san kunnena na hagu ya mutu tun kafin a haife ku, kuma shi ne wajen taga. Saboda haka muka yi shiri: in taka sau uku in riƙe, kada in ɗaga sai na ji ya buga sifana sau biyu a ƙarfe, na ji a kujerata. Ya nuna mini wata 'yar fitila a gaban sitiyari.

"In wannan ta yi kore, motar a raye take. Na kashe ta, makulli na aljihuna. Kada ki taɓa komai."

"Me zan taɓa? Naka ne duk."

Taya uku muka yi lafiya. Taka, riƙe, ƙwan ƙwan, saki. Gwiwata tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ta huɗu ta gaba ce. Ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar, ya shige ƙasa har ƙirji. Ƙafafunsa kawai nake hangowa.

Aka fara kiran salla can nesa.

Na taka sau uku. Na riƙe.

Sai wari ya canza. Da warin mai ne da roba. Yanzu warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wadda aka haƙo daga zurfi.

Kujerar baya ta yi ƙara. A hankali, kamar mai nauyi ya gyara zama.

Gilasai huɗu suka hau sama da kansu. Ƙofofi suka ce ƙas.

Fitilar ta yi kore.

Sandar giya ta motsa, ba hannun kowa a kai. Na ji motar ta yi ɗan numfashi a ƙarƙashina, tana ja gaba kamar akuya a igiya. Ba abin da ke riƙe da ita sai ƙafata. In na ɗaga, ta zame daga jak ta sauka a ƙirjin ɗana.

"Saki, Inna."

Muryarsa ce sak. Har da ɗan kasalar nan tasa. Saura kaɗan in ɗaga.

Amma ban ji sifana ba.

Kuma a kunnen hagu na ji ta. Tar, kamar ban taɓa kurumcewa ba.

Na ƙwala masa kira. Muryata ta tsaya a cikin motar kamar na yi ihu a tulu.

"Saki. Kin gaji." Yanzu ba muryarsa ba ce. Ta mace ce, ta dishe da kuka. Numfashinta a wuyana, sanyi ƙalau. "Nawa ɗan yana wasa ne kawai. Motar ba ta yi sallama ba."

Ban waiga ba. Ban kalli madubi ba. Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah. Amma ba nawa ya taka shi ba."

"Shi ke gyara mata ƙafa."

Birkin yana nutsewa. Ina dannawa, yana tafiya.

Yatsu suka kama mini idon sawu. Dogaye. Suna ɗagawa.

Na dafe gwiwa da hannu ɗaya, ina karanta abin da na iya.

Birkin ya kai ƙasa.

Na tuna inda ubanku ke duka in wani ya tare masa hanya. Na tattara ƙarfina na kifa goshi a tsakiyar sitiyari.

Hon ya tsage garejin.

Na ga ƙafafunsa sun zabura. Ya mirgino waje, sifana a hannu, baki buɗe zai yi mini faɗa.

Ƙafata ta zame.

Motar ta yi tsalle ta faɗo. Ƙarfe ya daki siminti daidai inda ƙirjinsa yake. Kwalbar man ta tarwatse.

Fitila ta mutu. Ƙofofi suka buɗe.

Ya ciro ni, ya laluba aljihu, ga makulli. Ya leƙa baya. Ba kowa, sai dai kujerar ta lotsa a wuri biyu, babba da ƙarami, kuma a jiƙe.

Washegari abokin aikinsa ya taka birkin, ya ji shi tauri kamar dutse. Ban bari motar ta fita ba sai da na sa aka ɗaura mata ƙararrawa a ƙasa. Malamar asibiti ta ce ai abin kunya ne. Na ce ta ji kunyar. Tun daga ranar, duk mai caji da ta shiga garejin ubanku da ƙararrawa take fita, kuma ba ya shiga ƙarƙashin mota in rana ta yi ja.

Idon sawun nan har yau bai ɗumama ba. Taɓa ki ji. A'a, ai ke ce mai tambaya, taɓa.

Kunnen kuwa ya koma yadda yake, sai da magariba. Abin da nake ji da shi a lokacin ba na yara ba ne.

Ku tashi. Kowa ya yi addu'a ya kwanta. Kai, kwashe motar wasan nan daga bakin ƙofa, mutane na wucewa.