Muryar Inna Dela

Insifeto Bunyaminu ya tura takalmansa ƙarƙashin tebur ke nan zai miƙe ƙafa, sai ga wata mata ta shigo caji ofis na Bagudo rungume da jaka. Ya dubi takalman, ya dube ta, ya yi ajiyar zuciya. Aikin nan ya kai masa ko'ina: yau shanu sun shiga gona, gobe an sari makiyayi, jibi a sake daga farko.

"Yallaɓai, an sace mini rikoda."

"Ta jin waƙa?"

Ba ta yi dariya ba. Sunanta Hamdiyya, daga wani ofishi a Birnin Kebbi da lauyoyi ke kira idan mai shaida ba zai iya zuwa kotu ba. Su je har gida su naɗi muryarsa bisa rantsuwa, su mayar da ita rubutu. Wannan karon wata tsohuwa ce marar lafiya, Inna Dela, a wata ruga bayan Kende. Ɗanta Ma'azu yana gidan yari, ana tuhumarsa da kashe wani manomi a Zagga. Ita kuwa ta rantse ranar da abin ya faru yana tare da ita a ƙetaren iyaka, cikin Benin, ya kai ta wajen mai magani.

"To ba kin rubuta ba?" in ji Bunyaminu.

"Na rubuta. Amma sai an karanta mata ta dangwala yatsa. Jiya na koma don haka, na tarar har an kai ta makwancinta. Takardar da ba dangwale alƙali ba zai ko dube ta ba. Muryarta kaɗai ta rage wa Ma'azu."

Ta ce ta rataye jakar a wani ɗaki ta zauna gaisuwa. Sai da ta dawo masauki ta ga ba rikoda. Wayarta kuwa tana nan, ba a taɓa ba.

Bunyaminu ya sunkuya ya jawo takalman. Ɓarawon da ya bar waya ya ɗauki rikoda ya san abin da ya je nema.

A tasha ya sami Abu, ɗan kabu-kabun da ya kai ta rugar.

"Ina kake lokacin da take zaman gaisuwa?"

"Gindin tsamiya, ranka shi daɗe. Ko motsi ban yi ba."

Bunyaminu ya shafa igiyar robar da ke bayan babur ɗin, ya sansana yatsunsa.

"Tsamiyar nan fetur take zubarwa?"

Abu ya hau susar ƙeya. Daga ƙarshe ya yarda ya ɗan leƙa bakin iyaka da jarkoki kafin Malama ta gama.

"Amma wallahi ban taɓa jakar ba. Ɗakin mata anka aje ta, namiji bai shiga can. Ka tambayi Zayyanu tafinta, shina wurin."

Zayyanu shi ya fassara Fulatancin tsohuwar ranar da aka ɗauki shaida, kuma mutumin Zagga ne, garin manomin da aka kashe. Bunyaminu ya iske shi a harabar kotu yana alwala.

"Ban tai gaisuwa ba, Yallaɓai."

"An gan ka."

Zayyanu ya ajiye butar a hankali. "Na tai. Tsoro nij ji a ce ni na ɗauka, tunda ɗan Zagga nike. Tabarmar maza niz zauna, ban wuce nan ba."

"Faɗa mini yadda aka ɗauki shaidar."

"Lahiya lau anka hwara. Sai dai ita ba ta cewa komi sai 'wancan yaron'. Lauyan gwamnati yac ce kotu ba ta san wancan yaron ba, dole ta hwaɗi suna. Ɗan hwarinta ne hwa, Yallaɓai. Tun da ta haihe shi ba a taɓa jin sunansa bakinta ba."

"Ta faɗa?"

"Da hwari ta ƙiya. Kana ta hwaɗa, sai kuka. Ta riƙa kiran sunan tana maimaitawa, har da maganganun da uwa ba ta yi kan ɗan hwari. Matan duk sunka sulale waje don kunya. Ɗiyarta Barira kaɗai ta tsaya tana riƙe da ita."

Bunyaminu shi ma ɗan fari ne, kuma har tsohuwarsa ta koma ga Allah "kai" take ce masa.

Ya kira Hamdiyya a waya. Ta ce batirin rikodar ya kusa ƙarewa. Idan wanda ya ɗauke ta ya jefa ta kogin Kwara, magana ta ƙare. Idan kuwa saurare yake yi, dole ya nemi wuta, ruga kuma ba ta da lantarki.

Ranar kasuwar Kende ya bi rumfunan masu cajin waya ɗaya bayan ɗaya, rana na dukansa, gwiwoyinsa na ƙara. A wata rumfa kusa da 'yan nono ya hango ta kwance a tsakanin wayoyi, baƙa, 'yar ƙarama kamar sabulu.

"Wa ya kawo wannan?"

"Wata mai nono. Tac ce rediyonta ne. In ta saida za ta dawo."

Ya karɓi rikodar ya sa aljihu, ya zauna a benci. Bayan la'asar sai ga ta, doguwa, ƙwarya a ka, idanunta sun kumbura. Da ta ga kaki ta tsaya cak.

"Ke ce Barira?"

"Ni ce."

"Ina kika sami wannan?"

"Tsinta niy yi bisa hanya."

"Hanyar da ta bi ta cikin jakar baƙuwa?"

Ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa gefen rumfar, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Inna ta sa ni," ta ce. "Da ciwo yat tsananta tac ce, Barira, na kunyata kaina. Za su kunna ni gaban maza, gaban babanku, kowa shi ji ina kiran yaron nan ina kuka. Ki amso min muryata. Shi ne abin da ta roƙe ni na ƙarshe."

"Kin san abin da kika ɗauke?"

"Ai sun rubuta ga takarda. Na ga matar na rubutu."

"Takardar ba ta da amfani, Barira. Innarku ba ta dangwala ba. In babu wannan, yayanki zai iya ƙare rayuwarsa a gidan yari, ko abin da ya fi haka."

Ta ɗago tana kallonsa baki buɗe. Ya ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa, kuma bai ji daɗin gani ba.

"Na kai ta bakin gulbi in jefa," ta ce. "Hannuna yat taɓa wani wuri, sai ga Inna na magana. Na kasa. Kullum sai na saurara, har tay yi shiru."

Bunyaminu ya danna. Muryar tsohuwa ta fito a gajiye, tana Fulatanci. Ya yi maza ya kashe kafin masu rumfa su kasa kunne.

"Dole ki biyo ni ofis ki ba da bayani. Sata ce, ko da wa ya aike ki."

Ba ta yi gardama ba. Ta miƙa wa wata 'yar rugarsu ƙwaryar ta kai gida.

"Yallaɓai, dole sai an kunna gaban mutane?"

Ya so ya yi mata ƙarya, amma ya gaji da ƙarya.

"Dole."

Ta share ido da bakin gyale. "To a kunna, Hamma Ma'azu shi hito. Ni zan ɗauki alhakin Inna. Amma ran nan ku bar Baba gida."

"Zan gaya wa lauya," in ji shi.

Ya wuce gaba, ta biyo shi a baya, suka ratsa 'yan nono zuwa inda ya ajiye mota.